Turken faiba a haƙorin da aka cire wa jijiya

Turken faiba siririn tsinke ne da ake yi da zaren gilashi, ko na kwats, ko na kabon, waɗanda aka daskarar a cikin resin, wato wani irin roba mai daskarewa. Likitan haƙori yana kafa shi a ramin saiwar haƙorin da aka cire wa jijiya, domin ya riƙe ginin da za a ɗora wa hula, wato murfin da ake rufe haƙorin da shi. Ba ya ƙara wa saiwa ƙarfi, hasali ma fafe masa gurbi yana rage ta. Shi ya sa ba a sa shi sai in saman haƙorin ya zube ƙwarai. Turamen baya galibi ba sa bukatarsa, don kogon jijiyarsu yana da faɗin da zai riƙe ciko.

Tarihi

Kafa turke a saiwa tsohuwar dabara ce. Pierre Fauchard, likitan Faransa, ya bayyana amfani da turken zinariya da na azurfa a 1728. A ƙarni na 19 an yi amfani da na itace, wanda yakan sha danshi ya kumbura ya kama ramin gam, amma kumburin nan ne kuma yake tsaga saiwa. Daga baya turken ƙarfe da ake zubawa daidai da siffar rami ya mamaye aikin har kusan ƙarshen ƙarni na 20. A wajejen 1990 Duret da abokan aikinsa a Faransa suka fito da turken kabon. Baƙi ne, yana duhunta hular tangaran a haƙoran gaba, sai aka koma ga na gilashi da na kwats masu launin haƙori.

Abin da ya janyo sauyin shi ne tauri. Na dantin, wato jikin haƙori na ƙarƙashin farin ɓawo, kusan gigafaskal (ma'aunin tauri) 18 ne, na baƙin ƙarfe kusan 200. Faiba ya fi kusa da dantin, yana ɗan lanƙwasa tare da saiwa maimakon ya tara nauyin tauna a wuri guda.

Yadda ake kafawa

Ana fara da hoton eksire, a tabbatar cikon saiwa ya zauna kuma babu ruɓa a ƙarshenta. Sai a cire gatafaca, wato robar da aka cike ramin saiwa da ita, daga sama, a bar milimita 4 zuwa 5 a ƙasa don ya toshe ƙwayoyin cuta. Kaurin turke kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin saiwa, tsawonsa a cikin rami kuma ya kai aƙalla tsawon hular. A turmin sama ana zaɓar saiwar wajen ganɗa, a na ƙasa ta baya. A wanke ramin, a busar da tsinken takarda, a zuba simintin resin tun daga ƙasa don kada iska ta maƙale, a tura turken, a haska fitila. Ana son siminti mai daskarewa da haske da kuma kansa, saboda haske ba ya isa ƙarshen rami.

Abin da ya fi turken kansa muhimmanci shi ne lafiyayyen dantin mai tsayin milimita 1.5 zuwa 2 a saman dasashi, wanda hula za ta ɗaure kamar zobe. In babu shi, kowane irin turke yana cikin haɗari.

Matsaloli

Wadda ta fi yawa ita ce turken ya saki ya fito tare da hula, kuma sau da yawa ana iya sake kafa shi. Yawu a rami da ragowar man ciko mai yujinol, wato sinadarin da ke cikin man kanumfari, suna hana resin kamawa. Huda gefen saiwa wajen fafewa yana iya kai ga cire haƙorin. Ko faiba ya fi ƙarfe daɗewa a baki, masana ba su daidaita ba.

A Gana

Ana koyar da aikin a makarantar haƙori ta Jami'ar Gana da ke Korle Bu a Akara, da ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) a Kumasi. Inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan cire haƙori da ƙaramin ciko, ban da turke da hula, don haka majinyaci daga Nima ko Zangon Kumasi shi zai biya daga aljihunsa. Bayan an gama, likitoci suna hana fasa ƙashi, shan rake da buɗe kwalba da haƙorin.