Lalacewar daidaita bayanai tsakanin sabobin kamfani

Daidaita bayanai shi ne aikin da ke sa sabobi (manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai) biyu ko fiye su riƙe bayani iri ɗaya, ta yadda abin da aka rubuta a ɗaya zai bayyana a sauran. Da shi bankuna da kamfanonin sadarwa da manyan shagunan intanet suke tafiya. A mafi yawan tsari akwai babbar sabar da ke karɓar rubutu, sai mabiya da ke kwaikwayon abin da ta yi. Ba dukan rumbun bayanai take aika musu kullum ba. Kowane canji tana shigar da shi cikin kundi, su kuma suna karantawa suna maimaitawa bi da bi. A manhajar rumbun bayanai ta MySQL sunan kundin binlog, a takwararta PostgreSQL kuwa WAL. Idan aka ce daidaitawa ta lalace, to wani wuri ne a wannan sarƙa ya tsinke.

Gano inda ta tsinke

Tambayar farko ita ce: mabiyiyar tsayawa ta yi cak, ko kuwa an bar ta a baya ne tana jan ƙafa? Maganinsu ba ɗaya ba ne. A MySQL umarnin SHOW REPLICA STATUS yana nuna ayyuka biyu, mai ɗebo kundi daga babbar sabar da mai aiwatar da shi, tare da yawan daƙiƙoƙin da aka tsere wa mabiyiya. A PostgreSQL ana duba pg_stat_replication a kan babbar sabar.

In mai ɗebo kundin ne ya tsaya, laifin yawanci na hanya ne: an canza kalmar sirri, takardar shaidar tsaro ta ƙare wa'adi, ko katangar tsaro ta rufe ƙofa, wato mashigar sadarwa mai lamba 3306 ta MySQL ko 5432 ta PostgreSQL. Mafi muni a wannan rukuni shi ne babbar sabar ta riga ta share ɓangaren kundin da mabiyiya ke nema. MySQL kan nuna wannan da kuskure mai lamba 1236. Daga nan babu sauran kamowa, sai dai a sake gina mabiyiyar daga sabon kwafi. PostgreSQL ta kawo mafita a siga ta 9.4 a 2014, inda babbar sabar ke riƙe kundi har sai mabiyiya ta karɓa. Sai dai maganin ma da nasa ciwon: in mabiyiya ta mutu ba a lura ba, kundin zai yi ta taruwa har faifai ya cika, babbar ita ma ta durƙushe.

In kuwa mai aiwatarwa ne ya tsaya, to bayanan ne suka ci karo. Kuskure mai lamba 1062 yana nufin layin da ake son shigarwa ya riga ya kasance, kuma sau da yawa wani ne ya yi rubutu kai tsaye a kan mabiyiya. Akwai umarnin tsallake kuskure, ma'aikaci da dare ya yi masa kuwa yakan kai hannu gare shi. Allon zai koma kore, amma rufe tukunya kawai aka yi: sabobin sun riga sun saɓa, kuma saɓanin zai yi ta yaɗuwa a ɓoye. Don haka ake bi da manhajar kwatanta teburori, irin pt-table-checksum ta kamfanin Percona.

Agogo ma yana da nasa. Kerberos, tsarin tabbatar da shaida wanda Active Directory, manhajar kula da asusun kwamfutocin kamfani, ke tantance sabobi da shi, bisa tsarinsa na asali ba ya yarda da bambancin lokaci sama da minti 5. Sabar da ta daina saita agogonta da NTP, tsarin daidaita lokaci ta hanyar sadarwa, sai kawai a ga an ƙi kula ta.

Abin da ya faru da GitLab

Misalin da aka fi kafa hujja da shi a wannan fanni shi ne na GitLab, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ranar 31 ga Janairu 2017, domin kamfanin da kansa ya wallafa bayanin abin da ya faru dalla-dalla. Aiki ya yi wa rumbun PostgreSQL ɗinsu yawa, aka bar mabiyiya a baya, kuma babbar sabar ta share kundin WAL kafin ta karɓa. Sai injiniya ya kama sake gina ta da pg_basebackup, wanda ke buƙatar a fara goge tsofaffin bayanan mabiyiya. Manhajar ta yi shiru kamar ta maƙale. Cikin kai-kawon gwaji, da daddare, ya sake buga umarnin gogewa, ashe a kan babbar sabar yake. Ya farga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, amma bayanai kusan gigabait 300 sun riga sun tafi.

Da aka juya ga kwafin ko-ta-kwana, sai aka tarar wayam. Manhajar pg_dump da ke ɗaukarsa ta siga 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6, don haka ta daɗe tana faɗuwa, saƙonnin imel na gargaɗi kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan don gwaji. Dawo da shi ya ci kusan awa 18, har suka riƙa nuna aikin kai tsaye a YouTube. An yi asarar ayyukan manhaja na masu amfani kusan 5,000, sharhi kusan 5,000 da sababbin asusu kusan 700. Abin lura shi ne jinkirin mabiyiya bai ɓatar da ko layi ɗaya ba. Wurin gyara aka yi ɓarnar.

Sabobi biyu, kowacce na cewa ita ce babba

Wani nau'in kuma shi ne rabuwar kai, inda hanya ta yanke, kowane ɓangare ya ci gaba da karɓar rubutu. A ranar 21 ga Oktoba 2018 sadarwa ta katse wa cibiyar GitHub, wani dandali irin GitLab, ta gabashin Amurka na daƙiƙa 43 kacal. Manhajar Orchestrator, wadda ke naɗa sabuwar babbar sabar idan ta farko ta ɓace, ta ɗaga sabobin MySQL na yamma suka zama manya, alhali na gabas suna riƙe da wasu rubuce-rubucen da ba su kai yamma ba. Kamfanin ya zaɓi kare bayanai a kan saurin dawowa, ya sake gina sabobin daga kwafi, kuma sai bayan awa 24 da minti 11 komai ya koma daidai.