Neman muƙalun kasuwanci da labarai ta laburaren jami'a

Neman muƙalun kasuwanci da labarai ta laburaren jami'a shi ne amfani da rumbunan bayanai da jami'a ta biya kuɗinsu don samo rubuce-rubuce a kan kamfanoni, kasuwanni, harkar kuɗi da gudanarwa. Yawancin irin waɗannan rubuce-rubuce a kulle suke a intanet, mutum ya karanta layi biyu sai a ce ya biya kafin ya ci gaba, to laburare ne ke biyan kuɗin shekara a madadin ɗalibai da malamai gaba ɗaya, su kuma su shiga da lambar makarantarsu. Ɗalibai da yawa har su gama karatu ba su san an riga an biya musu ba, kuma wannan asara ce babba.

Tarihi

Tun kafin kwamfuta akwai wannan aiki, sai dai da takarda ake yinsa. Kamfanin H. W. Wilson na Amurka ya fara fitar da Industrial Arts Index a 1913, wato fihirisa mai nuna a wace mujalla kuma a wane shafi aka yi rubutu a kan wane batu, daga baya a 1958 aka raba shi gida biyu, ɓangaren kasuwanci ya zama Business Periodicals Index. Mai bincike zai zauna ya bi kundin kowace shekara ɗaya bayan ɗaya yana kwafe sunan mujalla da lambar shafi a takarda, sannan ya tashi ya je kantar mujallu ya duba ko laburaren ma yana da wannan fitowar, in babu shi ke nan sai haƙuri ko a aro daga wani laburare. Jaridu kuwa da yake takardarsu ba ta jure daɗewa, a maikurofim ake adana su, wato fim mai ɗauke da ƙananan hotunan shafuka, ana murɗa na'ura ana kallon shafi a allo. Eugene Power ya kafa University Microfilms a 1938 a Ann Arbor ta jihar Michigan, wannan kamfani ne ya rikiɗe ya zama kamfanin rumbunan bayanai ProQuest na yanzu.

Babban sauyi ya zo a farkon shekarun 1970. ABI/INFORM ya fara a 1971 yana tattara tsakuren muƙalun kasuwanci, a 1972 kuma Dialog, wanda Roger Summit ya jagoranci haɗa shi a kamfanin Lockheed, ya fara sayar da damar bincike ta layin tarho. A lokacin gwargwadon mintunan da aka yi a kan layi ake biya, shi ya sa ba ɗalibi ke taɓa na'urar ba, ma'aikacin laburare ne zai zauna da shi su tsara kalmomin nema a takarda tsaf kafin a buga layi, don kowane minti kuɗi ne. Mead Data Central ya fito da Lexis a 1973 saboda lauyoyi, sai Nexis na labarai ya biyo baya wajen 1980, kuma abin da ya bambanta su shi ne cikakken rubutu suke bayarwa ba tsakure kawai ba. A ƙarshen shekarun 1980 faifan CD ya shigo, ɗalibi ya fara nema da hannunsa ba tare da fargabar agogo ba, daga tsakiyar shekarun 1990 kuma komai ya fara komawa intanet. JSTOR, rumbun mujallun ilimi, ya fara a 1995 da tallafin gidauniyar Andrew W. Mellon, Dow Jones da Reuters suka haɗa hannu suka kafa rumbun labarai Factiva a 1999, a 2006 Dow Jones ya saye kason Reuters. Tun daga nan kamfanonin sai haɗewa suke yi, H. W. Wilson ya shige cikin EBSCO, wani kamfanin rumbunan bayanai, a 2011, Clarivate ya saye ProQuest a 2021.

Ire-iren rubutun da ake samu

Rumbun kasuwanci yakan zuba rubutu iri uku a wuri guda, kuma nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa. Akwai mujallun ilimi waɗanda sai masana sun tantance muƙala kafin a buga, suna da nauyi amma sukan ɗauki watanni ko fiye da shekara kafin su fito, don haka ba a neman labarin jiya a cikinsu. Akwai mujallun sana'a da 'yan wata masana'anta ke rubuta wa junansu, kamar ta masu inshora ko masu sufurin jiragen ruwa, a nan ake jin ainihin abin da ke damun masu harkar. Sai jaridu da mujallun labarai irin su The Economist da aka kafa a 1843, Financial Times a 1888, da Wall Street Journal a 1889. Harvard Business Review, wadda ta fara a 1922, tana tsaka-tsaki ne, malamai na rubutu a cikinta amma editoci ne ke zaɓa, ba a lissafa ta cikin masu tantancewar masana.

Manyan rumbuna

Business Source na EBSCO da ABI/INFORM na ProQuest su ne aka fi sani wajen muƙalu. Factiva da Nexis Uni na labarai ne, EconLit kuma na tattalin arziki. Ba kowace jami'a ke da duka ba, ya danganta da aljihunta.

Yadda ake nema

Ana farawa ne daga shafin laburare, a jerin rumbunan bayanai, a zaɓi fannin kasuwanci. Rumbu ba ya son doguwar jimla, kalmomi biyu ko uku ake ba shi a haɗa su da AND don taƙaitawa, OR don faɗaɗawa, NOT don cire abin da ba a so. Idan kalmomi biyu ne da dole su zo a jere sai a sa su cikin alamar zance, alamar tauraro a ƙarshen kalma kuma tana kawo duk rassanta. Bayan sakamako ya fito sai a tace shi da shekara da irin mujalla, kuma yana da kyau a buɗe muƙala ɗaya da ta dace a duba kalmomin batu da rumbun ya liƙa mata, a sake nema da su, sau da yawa nema na biyun ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Sunan kamfani na buƙatar kula don kamfanoni na canza suna, wanda ke neman tsohon labarin Meta dole ya nemi Facebook tunda sai a 2021 aka canza, haka mai neman tsohon labarin Alphabet ya nemi Google, tunda sai a 2015 aka kafa Alphabet ya zama uban kamfanin Google.

Daga wajen makaranta ana shiga ta tsarin tantance mai shiga, kamar EZproxy, wanda Chris Zagar ya ƙirƙiro a 1999, ko OpenAthens ko Shibboleth, duka dai lambar ɗalibi da kalmar sirri suke tambaya. Google Scholar ma ana iya saita shi ya riƙa nuna abin da laburaren mutum yake da shi.

Iyakoki da taƙaddama

Wasu mujallu na jinkirta sababbin fitowarsu a rumbu, sau da yawa na shekara guda, sai a ga tsakure babu cikakken rubutu, a nan ana iya roƙon laburare ya aro daga wani. Labaran jarida kan zo rubutu zalla, babu hoto babu jadawali. Tun 2013 muƙalu 500 na Harvard Business Review da aka fi nema karantawa kawai ake yi a EBSCO, ba a bugawa ba a saukewa, abin da ma'aikatan laburare da dama suka yi ƙorafi a kai. Galibin lasisin na karatu da bincike ne kawai, ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba, kuma damar shiga daga nesa takan ƙare idan ɗalibi ya kammala.

Tsadar kuɗin shekara ita ce doguwar taƙaddama, laburarori na cewa farashi ya fi ƙarfin kasafinsu, masu bugawa na cewa aikin na cin kuɗi. Jami'ar Kalifoniya ta yanke kwantiraginta da kamfanin buga mujallu Elsevier a 2019, suka sake daidaitawa a 2021.