Waiwaye: Yadda marasa galihu suka samu shiga adabi da fina-finan Koriya ta Kudu

Lokacin da fim ɗin Parasite na Bong Joon-ho ya ci Oscar a 2020, duniya ta ga iyalin da ke kwana a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa. A can gida kuwa, an daɗe ana tafka muhawara kan wanda ya cancanci ba da labarin talaka.

Tushen abin ya girmi sinima. A zamanin daular Joseon akwai 'yan baekjeong, yawancinsu mahauta da majema, da ake ware wa unguwa a bayan gari. An soke bambancin a dokance a 1894, amma ƙyamar ba ta gushe ba, har sai da suka kafa ƙungiyar neman daidaito a Jinju a 1923. Wanda ya taɓa ganin an hana mutum aure don kakansa mahauci ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Babban juyi ya zo ranar 13 ga Nuwamba 1970, da Jeon Tae-il, ma'aikacin ɗinki ɗan shekara 22, ya cinna wa kansa wuta a Seoul yana neman a yi aiki da dokar ƙwadago. Mutuwarsa ta girgiza ɗaliban jami'a da malamansu, kalmar minjung, wato talakawa, ta zama ruwan dare a bakin masana. A 1978 Cho Se-hui ya fitar da littafinsa kan wani wada da aka rusa wa gida da sunan gyaran birni. A shekarar ne kuma Hyun Ki-young ya rubuta labarin kisan kiyashin tsibirin Jeju da aka fara a 1948. Jami'an tsaro suka kama shi, suka gana masa azaba.

Sai dai bayan dawowar dimokuraɗiyya a 1987, manazarta mata suka gano giɓi: talakan da ake ta yabo kusan kullum namiji ne, kuma Bakoriye gaba da baya. Ina sauran? A watan Agusta 1991 Kim Hak-sun ta fito fili ta bayyana yadda sojojin Japan suka bautar da ita ta hanyar lalata lokacin yaƙin duniya na biyu. A ganina nan ne nazarin rayuwar marasa galihu ya balaga, domin wadda abin ya shafa ce ta yi magana da bakinta.

Nakasassu ma sun samu shiga. Fim ɗin Dogani na 2011, kan cin zarafin yara a wata makarantar kurame a Gwangju, ya sa majalisa ta tsaurara hukunci cikin makonni.

Yanzu hankali ya koma kan baƙi: amaren da ake aurowa daga Vietnam da Filifin, leburori irin Ali, ɗan Pakistan na cikin shirin Squid Game, da 'ya'yan auren gauraye kamar Han Hyun-min, mai tallan kayan sawa da mahaifinsa ɗan Najeriya ne. 'Yan ƙabilar Koriya da suka zo daga ƙasar Sin kuwa, fina-finai sun fi nuna su a matsayin 'yan daba. Wasunsu mazauna unguwar Daerim ta Seoul sun kai ƙarar masu fim ɗin Midnight Runners na 2017 kan yadda ya nuna su, kotu ta nemi kamfanin ya ba su haƙuri.