"Zaɓe da na'ura": suna ɗaya, ayyuka uku

Da zarar an taso da maganar gyaran dokar zaɓe, sai "zaɓe da na'ura" ta cika gidajen rediyo. Wannan ya ce ai mun fara tun 2023, wancan ya ce a kawo shi, shi ne maganin maguɗi. Kowa da abin da yake nufi, mai gabatarwa kuma ba ya tsayar da su ya tambaya. Abin yana damuna, domin ayyuka uku ne aka cusa a buhu ɗaya, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai tantance mai zaɓe, aikin da na'urar BVAS ke yi da zanen yatsa ko fuska. Akwai aika sakamako: bayan an ƙirga ƙuri'u da hannu a gaban wakilan jam'iyyu, malamin zaɓe ya cike takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, a ɗauki hotonta da BVAS a tura IReV, shafin intanet da hukumar zaɓe ta INEC ke nuna sakamako. Duk biyun nan, ƙuri'arka takarda ce da ka dangwala ka jefa a akwati. Na ukun shi ne zaɓe da na'ura na ainihi: ka danna maɓalli, na'ura ta ajiye zaɓinka a ƙwaƙwalwarta, ita kuma ta ƙirga. INEC ba ta taɓa yin wannan a babban zaɓe ba. Jihar Kaduna ce ta gwada a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da 2021.

Idan sabis ya ɗauke ko shafin ya ƙi karɓar hoto, kamar yadda aka yi ta ƙorafi a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, takardu suna nan, wakilai na riƙe da kwafi. To idan na'urar da ke ƙirga ce ta yi kuskure, ina za a koma?

A dubi abin da ya faru a Beljiyam ranar 18 ga Mayu 2003, a ƙaramar hukumar Schaerbeek da ke birnin Brussels. Wata 'yar takara ta ƙaramar jam'iyya ta fito da ƙuri'un da suka zarce na jam'iyyarta gaba ɗaya, abin da ba zai yiwu ba a lissafi. Da aka sake ƙirgawa sai aka ga rarar 4,096 cif. Duk wanda ya san kwamfuta zai gane lambar nan. Kwamfuta tana ajiye lamba ne a jerin gurabe, kowanne ko 0 ko 1. Gurbin farko darajarsa 1, na biyu 2, na uku 4, haka yake ninkawa har na goma sha uku, wanda darajarsa 4,096. Gurbi ɗaya tak ya juye daga 0 zuwa 1. Masanan da suka bincika ba su sami kuskure a manhajar ba, suka fi karkata ga cewa gurbin ya juye ne da kansa a cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Babu ɓarawo, babu mai kutse. Abu biyu suka tona kuskuren: lambar ta yi girman da ba ta ɓoyuwa, sannan kowace ƙuri'a tana kan wani kati da mai zaɓe ya jefa a akwati, don haka akwai abin sake ƙirgawa. Da ƙuri'un nan kan ɗan takarar babbar jam'iyya suka faɗa, da wuya wani ya ɗaga gira.

Shi ya sa "an gwada manhajar, tana da inganci" ba ta gamsar da ni. Gwaji yana nuna kuskuren da aka gano ne kawai. Ko an buɗe manhajar kowa ya karanta, wa zai tabbatar ita ce aka ɗora a kowace na'ura, a rumfunan zaɓen Najeriya sama da 176,000? Takarda ma tana da nata ciwon, mun san satar akwati da aringizo. Amma ɓarnar takarda tana bukatar hannaye da yawa, rumfa bayan rumfa, a idon jama'a. Layi ɗaya da aka sauya a manhaja kuwa yana iya shiga dukkan na'urori a ɗaki guda. Kotun tsarin mulkin Jamus ta kama wannan a hukuncinta na Maris 2009, inda ta ce na'urorin da aka yi amfani da su a zaɓen 2005 sun saɓa wa tsarin mulki, domin dole ɗan ƙasa ya iya bin diddigin ƙirga ba tare da ilimi na musamman ba.

Indiya ba ta jefar da na'ura ba, ta haɗa mata shaida. Idan ka danna, wata 'yar takarda mai ɗauke da suna da alamar wanda ka zaɓa za ta bayyana a bayan gilashi na daƙiƙa 7, sannan ta faɗa cikin akwati rufaffe. Tun 2019 kotun ƙolin ƙasar ta ce a ƙirga takardun rumfuna 5 da hannu a kowace mazaɓar majalisar jiha, a kwatanta da abin da na'ura ta bayar, kuma da canki-canki ake fitar da rumfunan domin kada wani ya san wace za a duba. Namibiya ta sayi na'urorin Indiya ta yi zaɓen 2014 da su ba tare da wannan takarda ba. A Fabrairu 2020 kotun ƙolinta ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki, kuma a zaɓen yankuna da ƙananan hukumomi na Nuwamban wannan shekarar aka koma dangwala takarda.