Ma'ajiyar wucin gadi da rubuta babban fayil

Ma'ajiyar wucin gadi wani yanki ne na ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ram, inda manhajar gudanarwa irin su Linux da Windows ke tara bayanai kafin su sauka kan faifan ajiya. Ram ta fi faifai sauri nesa ba kusa ba. Saboda haka idan aka tura fayil, manhajar kan karɓe shi a ram, ta riƙa sauke shi kan faifai sannu a hankali. Idan rubutun a jere yake, kamar na bidiyo, tana haɗa ƙananan gutsattsari ta sauke su a dunƙule, abin da ke rage wa faifai mai juyawa kai-komo.

Matsalar tana fitowa ne idan fayil ya yi girma. A Linux ana ajiye bayanan shafi-shafi, galibi kilobait 4 kowanne. Bisa saitin asali, da shafukan da ba su sauka ba sun kai kashi 10 cikin 100 na ram ɗin da ke akwai, sai a fara sauke su a bayan fage. In sun kai kashi 20, sai a taka wa manhajar da ke rubuta fayil ɗin birki, ta koma tafiya daidai da ƙarfin faifan. Shafin da ya yi daƙiƙa 30 yana jira shi ma ana sauke shi.

Masu tura fina-finai da shagunan buga takardu na Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, suna ganin wannan kullum: kwafi zuwa filash ya fara da gudu, can sai ya tsaya cak kamar ya maƙale. Filash ɗin lafiyarsa lau. Gudun farko na ram ne, jan ƙafar kuma shi ne ainihin ƙarfinsa.

Babban fayil yana kuma iya korar bayanai masu amfani daga ma'ajiyar, alhali da wuya a sake karanta shi nan kusa. Shi ya sa wasu manhajojin rumbun bayanai ke kauce mata ta hanyar O_DIRECT, wani zaɓi na Linux da ke tura bayanai kai tsaye zuwa faifai.

Abin da ya fi damuwa shi ne ɗauke wuta. Duk abin da bai sauka ba ya tafi, ko da allo ya nuna an gama, kuma ɗalibin da ya zare filash cikin hanzari yana iya tarar da kundin bincikensa ya ƙi buɗuwa. A Linux umarnin sync yana tilasta saukewa. Windows 10 kuwa, tun daga sigar 1809, ta kashe irin wannan jinkirin ga filash a saitinta na asali.