Aikin gwiwa ba yanke ƙafa ba ne

Wallahi abin nan na damuna. Goggona a Birni shekara da shekaru tana fama da sanyin ƙashi irin wanda gaɓɓai ke kumbura su sandare, da safe ko buta ba ta iya riƙewa, amma da likita ya ce a yi aikin gwiwa sai mutane suka cika ta da cewa za a cire gwiwar duka a cusa ƙarfe, ƙafa ta zama sanda. Sam ba haka ba ne. Saman ƙashin da ya cinye kawai ake gogewa, a rufe bakin ƙashin cinya da na ƙwauri da ƙarfe, a sa roba mai tauri tsakani don gwiwar ta riƙa lanƙwasuwa. Kwana 1 ko 2 ake tada mutum ya taka, kuma galibi gwiwar da aka gyara takan kai shekara 15 zuwa 20.

Jinkirin yin aikin shi ke cutarwa, gwiwar da ta daɗe a sandare ba ta cika lanƙwasuwa sosai ko bayan aiki. Kuma ko an yi aikin, sanyin ƙashin na nan, don garkuwar jiki ce ke cin gaɓɓai, dole a ci gaba da magani da motsa ƙafa. In durƙuso ya yi wuya, a yi salla kan kujera.