War 2: masu sharhi sun kushe, to mu 'yan kallo fa?

Wani yammaci a shagon wani mai tura finafinai a waya da ke Mabera a Sakkwato, na tarar da samari biyu suna musu. Ɗaya ya ce masu sharhi sun yi wa fim ɗin Indiya War 2 kaca-kaca. Ɗayan ya ɗaga murya: "Mi suka sani? Hrithik na ciki, wanga ya ishe ni!" Daga musun nan nasu na tsinto tambayoyin nan.

Me ya sa aka ƙagu da fim ɗin haka?

Shi ne na shida a jerin finafinan leƙen asiri na kamfanin Yash Raj, wanda aka buɗe da Ek Tha Tiger na Salman Khan a 2012. War na farko, na 2019, shi ya fi kowane fim ɗin Hindi kawo kuɗi a shekarar. Sai kuma aka nuno Hrithik Roshan a ƙarshen Tiger 3 a 2023, bayan sunaye sun fara hawa, wato an ɗanɗana wa mutane zuma a baki. Da aka ce Jr NTR, jarumin fim ɗin RRR, ne zai kara da shi, ai shi ke nan. Kafin ranar fitowarsa, 14 ga Agusta 2025, kowa ya riga ya shirya nasa fim ɗin a ka.

Me masu sharhin suka kushe?

Raunin labari, tsawon da ya kusa awa uku, da aikin kwamfuta da bai ɓoye kansa ba a wasu wuraren faɗa.

Ko dai ƙyashi ne kawai?

Ban yarda ba. Mai sharhi yana kallon finafinai birjik saboda aikinsa ke nan, don haka abin da kai ka gani sau biyu shi ya gan shi sau hamsin. Tambayarsa ita ce: ina sabon abu? Kai kuwa tambayarka daban: jarumina ya shigo yadda nake so? An yi rawa? Ya ci mugu? Sai ka ga an ba ka amsarka shi ba a ba shi tasa ba. Amma a War 2 ba su kaɗai suka yi tsaki ba. Cinikinsa bai kai abin da aka sa rai ba, ga shi ya fito rana ɗaya da Coolie na Rajinikanth. Yawancin waɗanda na ji suna ƙorafi masoya ne na gaske, waɗanda suka haddace na farko.

Makin nan na Rotten Tomatoes fa?

Shafin intanet ne da ke tattara ra'ayoyin masu sharhi, kuma nan ake yawan kuskure. In ka ga kashi 70, ba maki 70 aka ba fim ba, ana nufin bakwai cikin masu sharhi goma sun ce ba laifi, ko da da ƙyar suka faɗa. Daga kashi 60 ake sa masa jan tumatir, alamar ya samu karɓuwa.

Sharhinsu ya shafe mu a Sakkwato?

Rabi da rabi. Su a babban allon sinima suka gani, inda kowace ƙaryar kwamfuta take fitowa fili. Mu a waya muke kallo, da dare a ƙofar gida, galibi da fassarar Hausa, kuma mai fassara yakan cusa barkwancin da ke raya wurin da ya mutu. Tsawo ma ba ya damunmu sosai, sai a raba shi kwana biyu, ko batir ya raba mana. Abin da fassara ba ta iya gyarawa shi ne labarin da bai ɗinku ba.

To a kalla ko a bari?

In don Hrithik da NTR ne, musamman rawar da suka yi tare, kalla. In kana neman abin da ya fi na 2019, ka rage buri. Saurayin can na Mabera dai ya miƙa wayarsa ya ce a tura mishi duka biyun, da na farko zai soma.